Indararon alminiyam ko na roba: da wanne za ka fara sana'ar?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya da wane indararo za ka fara sana'ar ɗaura wa gidaje a Kaduna. Tsakanin indararon alminiyam da na roba da ake kira PVC, ka fara da alminiyam. Allah ya sa wa jarin albarka.

Shi nake ɗaura wa mutane, shi ne kuma a rufin gidana. Amma aikin da na fi tunawa da shi na gidan gwaggona ne a Tudun Wada. Duk damina ruwa ya zubo daga kwano ya riƙa cin gindin bango, har siminti ya fara sassaɓewa, tsakar gida ya zama taɓo. Na ɗaura mata alminiyam gaba da baya, na ja bututu zuwa tanki. Shekaru sun shuɗe, ko tsatsa babu, ko ɗigo bai yi ba. Da zarar damina ta kankama, tsohuwa ba ta ƙara kiran ɗan garuwa don wanki da wanke-wanke sai Oktoba ya wuce, kuma duk maƙwabciyar da ta shigo sai ta ja ta ta nuna mata tankin. Ayyuka da dama a layin nan daga bakinta suka zo mini.

Wannan zancen tankin ka riƙe shi, da shi za ka shawo kan mai gida. Kaduna na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ke nan, don haka rufi mai murabba'in mita 100 yana zubar da sama da lita 100,000 a damina ɗaya. Idan mai gida ya ji wannan lissafin, cinikin ba ya wuya.

Alminiyam ba ya tsatsa, ba shi da nauyi a kan tsani, ana lanƙwasa shi daidai faɗin da rufin ke buƙata, kuma kana samun launin da ya dace da kwanon gidan. Ka je kasuwar Panteka ka nemi mai lanƙwasa ƙarfe da ya iya hannunsa, ku saba. Aibinsa biyu: yana loɓawa idan aka jingina masa tsani, kuma ɓarayin kayan bola suna sonsa, saboda haka kada ka kwana da kaya a gidan da ba kowa.

Na roba kuwa, araha gare shi, yana da sauƙin yankawa, shi ke nan. Zafin Maris da Afrilu yana miƙar da shi kusan ninki uku na alminiyam, mahaɗa ta saki, rana ta busar da shi ya fara tsagewa, mai gida kuma kai zai kira, ba wanda ya sayar maka ba. Bututun saukar da ruwa kaɗai nake yi da shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu sayar da kaya. Za a rubuta maka kauri milimita 0.55 a rasit, a ɗora maka 0.45 ko abin da bai kai ba. Sayi ma'aunin kauri, maikromita, ka auna a gabansu kafin ka biya. Akwai kuma masu shafa wa ƙarfe fenti su ce alminiyam ne. Ka sa maganaɗisu a aljihu: in ya manne, ƙarfe ne, ajiye musu kayansu.

Wajen ɗaurawa, ka ba shi gangare kamar santimita 1 a kowace mita 3 zuwa bakin bututu, maƙalan da ke riƙe indararon kuma kada tazararsu ta wuce santimita 60, don ruwan Agusta nauyi gare shi. Ka duba katakon bakin rufi tukuna. In gara ta ci shi, ka gaya wa mai gida a canza kafin ka buga ƙusa. Ka fara neman aiki tun Maris a unguwannin da ake sababbin gine-gine, irin su Millennium City da Rigasa, ka haɗa da wanke tsofaffin indararo da ƙurar hunturu da ganye suka toshe kafin ruwan farko.