Lahadi a Ingila lokacin yaƙi: Home Service ko Forces Programme?

Ranar Lahadi ce, 3 ga Satumba 1939, Firayim Minista Neville Chamberlain ya sanar ta rediyo cewa Birtaniya ta shiga yaƙi da Jamus, wato Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1940, mai sauraron BBC a gida yana da tashoshi biyu: Home Service da Forces Programme.

Home Service ta gaji tsarin John Reith, shugaban BBC na farko, wanda ya ɗauki Lahadi ranar ibada: addu'ar coci, kiɗan gargajiyar Turai mai natsuwa, sai labaran ƙarfe 9 na dare bayan bugun Big Ben, babban agogon majalisar dokoki a London. A 1940 marubuci J. B. Priestley yakan biyo baya da ɗan jawabi. Kafin yaƙi, wannan kamewa ce ta kori mutane zuwa Rediyo Luxembourg, wata tashar ƙetare mai shirye-shiryen nishaɗi da Turanci.

Forces Programme kuwa don sojoji aka buɗe ta, da kiɗan rawa da barkwanci har ranar Lahadi. Farar hula suka yi mata ca. Amma fa ba ta yar da coci ba, a nan aka fara Sunday Half Hour, rabin awa na waƙoƙin ibada. A ganina ita ta fi sanin halin sojan da ke gadi cikin sanyi.