Tsara gwajin manhaja: a kammala shi tun farko ko a riƙa yi zango-zango?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya fi kyau ku rubuta cikakken tsarin gwaji kafin a fara rubuta manhaja, ko kuwa ku riƙa tsara shi a kowane zangon aiki kamar yadda masu bin Agile, wato salon gina manhaja kaɗan-kaɗan a gajerun zanguna, suke yi. Amsar ta dogara ne ga yawan canjin buƙatun mai aikin, da girman asarar da kuskure zai jawo.

A tsarin bi-da-bi, wanda aka fi sani da Waterfall, ana zama tun farko a rubuta abin da za a gwada, da wanda zai gwada shi, da na'urorin da ake buƙata, da sharaɗin da zai sa a ce gwaji ya kammala. Ƙa'idar IEEE 829 ta daɗe tana fayyace fasalin wannan takarda kafin ISO/IEC/IEEE 29119 ta maye gurbinta a 2013. Amfaninsa shi ne ana iya bin sawun kowace buƙata har zuwa gwajin da ya tabbatar da ita, shi ya sa masu manhajar jiragen sama da na'urorin asibiti ba sa wasa da shi. Illarsa kuwa, gwaji ne na ƙarshe a jadawali, saboda haka duk jinkirin da aka yi a baya a kansa yake ƙarewa: makonni huɗun da aka ware masa su koma ɗaya, ranar miƙa aiki kuma tana nan daram.

A tsarin Scrum, wanda ɗaya ne daga cikin hanyoyin Agile, zango ba ya wuce wata ɗaya, kuma kafin a taɓa wani sashe ana amincewa da sharuɗɗan karɓarsa. Gwaje-gwajen da aka rubuta da manhajojin gwaji irin su JUnit ko Selenium suna gudana da kansu duk lokacin da aka ƙara sabon abu, don haka kuskure yakan fito fili tun wanda ya rubuta bai manta dalilinsa ba. Inda wannan hanya take yin tuntuɓe shi ne abubuwan da ba na sashe ɗaya ba, irin gwajin tsaro da gwajin cunkoson masu amfani, domin kowa yana zaton wani zango ne zai ɗauke su.

Sai dai yawan takardu ma ba ya ceton aiki idan an bar abin haɗari a waje. Rokar Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta ranar 4 ga Yuni 1996, saboda manhajar da aka ɗauko daga Ariane 4 ba a gwada ta da bayanan tafiyar sabuwar rokar ba.

A ganina, idan buƙatunku suna canzawa kuma doka ba ta wajabta muku cikakkun takardu ba, ku rubuta shafi biyu tun ranar farko, ku ambaci sassa mafi haɗari, da duk abin da kuka gada daga tsohon aiki, da ranar gwajin tsaro da na cunkoso tare da sunan mai alhakin kowane. Sauran kuma ku bar wa zaman tsara kowane zango.