Saitin kayan sa tufafi da na sayo wa Baba: abin da na gani cikin wata uku

Bari in faɗi tun farko, kayan nan sun yi mana amfani sosai, amma ba duka ba, kuma da na san abin da na sani yanzu da ɗaiɗai zan saya ba saiti ba.

Baba ya faɗi ne ya karye a ƙugu aka mishi aiki aka canza gaɓar, ranar sallama likitan fisiyo, wato mai koyar da motsa gaɓoɓi, ya ja mana kunne cewa kada ya sunkuya har ƙugun ya lanƙwashe fiye da digiri 90, kada kuma ya ɗora ƙafa kan ƙafa, aƙalla sati 6, wasu ma har sati 12 ake ce musu. To mutumin da ba zai sunkuya ba ta yaya zai sa wando da safa? Ga yatsunshi dama sanyin ƙashi ya riga ya sanƙarar da su. Satin farko ni ke sa mishi kaya idan yayana baya nan, kuma wlh ban manta yadda yake kau da kai yana kallon bango ba, ko uffan baya cewa. Wannan ne ya sa na yi odar saitin ta intanet. Guda biyar ne a ciki.

Abin sa safa shine zakaran gwajin dafi. Roba ce mai lanƙwasa kamar an tsaga kwalba gida biyu, da igiya biyu dogaye. Za ka cusa robar cikin safar, ka jefa ta ƙasa kana riƙe da igiyar, ka zura ƙafa sannan ka ja sama, robar ta fice ta baya safa ta zauna. Ranar farko ya gwada sau huɗu bata yi ba ya ture abin gefe, nace Baba ka yi haƙuri ka ƙara ko sau ɗaya ne, yace ke dai bari sai gobe. Ashe kuskuren namu ne, muna jan safar har ta haye bakin robar ta sama, shi yasa take maƙalewa. Sai an tabbatar dunduniyar safar tana ƙasa kuma yatsun sun ɗame da bakin robar, in ƙafar da gumi a ɗan barbaɗa hoda a ciki. A kwana na uku ya iya, yanzu ko minti ɗaya baya kaiwa. Amma fa ku sani, safar nan mai matsewa da likitoci ke bayarwa saboda kumburi ko daskarewar jini bata shiga da wannan, robar naɗewa take, ita nata daban ne na ƙarfe.

Sai sandar sa kaya, tsawonta kamar santimita 65, da ƙugiya a kai biyu. Da farko na raina ta gaskiya. Amma ita ce ta raba mu da maganar wando, yana zaune a bakin gado zai maƙalo ƙugun wandon ya sauke shi ƙasa, ya fara sa ƙafar da aka yi wa aiki sannan mai lafiyar, ya jawo har gwiwa inda hannu zai kai. Wajen cirewa kuma mai lafiyar ake fara fitarwa. Da ita yake tuɓe safa ma, da ita yake jawo riga ta bayan kafaɗa. Robar da aka lulluɓe ƙugiyar da ita ta fara saɓulewa a wata na biyu, ƙarfen ya ja zaren riga ɗaya, sai na naɗe wurin da salatif.

Abin ɓalla maɓalli kuma waya ce siririya a jikin mariƙi mai kauri, a zura ta cikin kafar maɓallin a kamo shi a jawo. Ga mai ciwon yatsu yana da kyau ƙwarai, sai dai maɓallan wuyan hannu da na can saman wuya har yau suna bashi wahala. Ɗayan kan nashi ƙaramar ƙugiya ce ta jan zif, tana aiki ba matsala.

Cokalin takalmi mai dogon hannu, wanda ake zura dunduniya cikin takalmi da shi, na roba suka sako, ya karye a sati na biyar. Ku nemi na ƙarfe kawai. Na haɗa mishi da igiyar takalmi mai talewa wadda ake ɗaurewa sau ɗaya a bar ta, ita daban na saya.

Wanda ya fi bani haushi shine sandar ɗauko abu mai baki kamar na kada. Sai an matsa da ƙarfi bakin ke kamawa, mai ciwon yatsu ina zai samu wannan ƙarfin? Wando mai ɗan nauyi ma zamewa yake. Kuma ko takardar bayani mai hoto babu a kwalin, sai a bidiyo na koya na zo na nuna mishi, wanda bai dace ba ga kayan da yawanci tsofaffi ne masu amfani da su.

In mara lafiyar naku shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, hannu ɗaya ke aiki, na safa mai igiya biyun nan zai wahalar da shi, ku nemi wanda igiyarshi take haɗe kamar zobe. Rigunan da ake sa wa maganaɗisu a madadin maɓalli kuma, duk mai na'urar bugun zuciya a ƙirji sai ya tambayi likita kafin ya sa, maganaɗisu na iya taɓa aikinta. Mu Velcro, abin nan mai mannewa da kanshi irin na takalmin yara, tela ya ɗinka mana a wuyan hannun rigunanshi uku, aka bar maɓallan a sama dan ado.

Yanzu Baba da kanshi yake rufe ƙofa ya shirya, yakan ɗau kamar minti ashirin, ni dai ina jiranshi a waje. Na safa, sandar sa kaya da na maɓalli, su ukun nan zan sake saya in sun lalace.