Takunkumin kwando da doguwar igiya don karen haski: yadda na same su bayan amfani

A arewacin Jidda, a kan hanyar da ke zuwa Ubhur, akwai wani shagon kayan dabbobi da ke sayar da wani haɗin kaya ga masu karnukan da ke bin ƙananan dabbobi. A cikin haɗin akwai takunkumin roba mai siffar kwando, da ɗamarar ƙirji, da igiya mai tsawon mita 10, da wata sanda mai tsumma a bakin zare wadda ake yi wa kare wasa da ita. Na yi aiki da waɗannan kaya tun daga sanyin bara har zafin bana a kan wani karen haski (husky, irin karnukan nan na Siberiya), a istiraha, wato gidan hutu na bayan gari, da nake kula da ita a wajen Zahban, inda muke kiwon tattabaru da zomaye da kaji da 'yan tumaki, ban da kyanwoyin unguwa da ba sa neman izinin kowa kafin su haura katanga. A ganina kayan sun ci kuɗinsu. Abin da bai ci ko sisi ba shi ne alkawarin da mai shagon ya haɗa da su, wai idan aka juri amfani da su karen zai daina kula ƙananan dabbobi gaba ɗaya.

Na ga ya dace in rubuta wannan ne saboda da yawa daga cikin 'yan uwanmu a Jidda da Makka direbobi ne ko masu gadi ko masu kula da istiraha, kuma an sha samun ɗan maigida ya sayo irin wannan kare don kyan fuskarsa da shuɗayen idanunsa, bayan ɗoki ya wuce sai ɗawainiyar ta dawo kan ma'aikaci. Hukuncin ajiye kare ba don farauta ko gadin dabbobi ko gona ba sananne ne a wurinmu, kuma wannan magana ce tsakanin mai karen da malaminsa. Amma amanar zomaye da tattabaru a hannun ma'aikaci take, shi ne kuma zai fara haɗa ido da maƙwabci idan aka kashe masa kyanwa.

Ba za a gane amfanin takunkumin ba sai an gane karen. Mutanen Cukci na arewa maso gabashin Siberiya ne suka raini wannan iri don jan kaya a kan ƙanƙara, kuma masu tarihin irin suna cewa idan ƙanƙara ta narke sai a saki karnukan su je su nemi abincinsu da kansu. Ke nan wanda bai iya kama ƙaramar dabba ba, da wuya ya kai ga barin zuriya. A farkon ƙarni na 20 aka kai su Alaska don tsere, sunansu kuma ya fito duniya a 1925, lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nom, aka yi ta miƙa magani daga tawagar karnuka zuwa tawaga, tafiyar fiye da kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Namijin haski yana kai kilo 20 zuwa 27, macen kilo 16 zuwa 23. Wannan shi ne abin da aka kawo aka ajiye kusa da kejin zomaye: dabba mai numfashin doguwar tafiya, wadda aka saba mata ta sa gaba ta yi ta gudu ba waiwaye, wadda kuma kakanninta da bakinsu suka ciyar da kansu.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne karen ba mafaɗaci ba ne. Namu yana yi wa kowane baƙo murna, ba kasafai yake haushi ba sai dai kuka mai tsawo da dare, kuma ko ɓarawo ne ya shigo, kaɗa masa jela zai yi. Sai mutum ya ɗauka wanda ba ya cizon mutane ba zai taɓa zomo ba, alhali faɗa da farauta hanya biyu ce dabam a jikin kare. Mai faɗa yana gurnani, yana tayar da gashin baya, yana nuna haƙora, domin so yake abokin gaba ya ja da baya. Mai farauta shiru yake yi, domin so yake ya matso. Masana halayyar karnuka, irin su Raymond Coppinger, sun jera matakan: kare ya juya wajen motsi, ya kafe ido, ya yi sanɗa, ya fafara, ya cafka, ya girgiza har wuya ya karye. A wasu irin karnuka, kamar masu kiwon tumaki, an dusashe matakan ƙarshe ta hanyar zaɓen iri, shi ya sa suke kora amma ba sa kisa. A jikin haski da yawa jerin a cike yake, kuma daga kafe ido zuwa cafka bai fi ƙiftawa ba. Ƙoshi ma ba ya hana shi, domin bin shi kansa daɗi yake yi masa.

Wani dattijo ɗan Takari da ya daɗe yana kiwo a wajen Usfan ya taɓa ce mini: "Ɗana, saluki yana kama maka, wannan kuwa kansa yake kama wa." Saluki shi ne karen farautar Larabawa, kuma maganar dattijon tana da tushe. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kama, kuma malamai sun siffanta horarren kare da cewa yana tafiya idan an aike shi, yana tsayawa idan an tsawata masa. Haski kuwa ya yi suna da rashin amsa kira da zarar ya hango abu yana gudu. Namu yana jin sunansa sarai a cikin ɗaki, amma idan kyanwa ta gilma a tsakar fili, ko maƙogwaro zai tsage ba zai waiga ba.

To, a nan takunkumin ya shigo, kuma shi ne mafi daraja a cikin haɗin. An yi shi da roba mai kauri, saƙarsa a buɗe, ta yadda kare zai wangale baki ya fito da harshe, ya sha ruwa, har a miƙa masa ɗan nama ta gaba. Wannan buɗewar a Jidda maganar rai da mutuwa ce. Kare ba ya gumi ta fata kamar mutum, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafin jikinsa, ga shi wannan iri gashinsa hawa biyu ne, ga zafin garin yana kai digiri 40 da danshin teku a kansa. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39, idan ya haura 41 ana maganar bugun zafi ne wanda ke iya kashewa. A wannan shagon dai suna sayar da takunkumin ƙyalle mai araha wanda ke matse baki ruf, kuma na ga mutane suna ɗaukarsa don ya fi kyan gani. Wannan an yi shi ne don 'yan mintuna a gaban likitan dabbobi. Wanda ya ɗaura wa haski shi ya fita yawo da shi a watan Yuli, to ya toshe masa hanyar shan iska.

Robar tana laushi idan aka jiƙa ta a ruwan zafi, sai a ɗan faɗaɗa ta daidai da fuskar karen a tsoma a ruwan sanyi ta tsaya, kuma wannan ya yi mana amfani domin bakin haski ya fi na wasu karnuka tsini. Tana wankuwa da sabulu ba wahala, abin da mai alwala sau biyar a yini zai yaba. Ta kuma fi ta waya a yanayinmu, domin ƙarfe yana ɗaukar rana har ya ƙona fata. Sai dai akwai aibu biyu. Maɗaurin da ke bi ta tsakanin idanu yana sassautawa da kansa, kuma idan ba a zura madaukin ƙasa a cikin abin wuyan karen ba, yana sa ƙafafun gaba ya fige takunkumin cikin sauƙi. Na biyu, gefen da ke zaune a kan karan hanci yana goge gashi idan an daɗe, sai da na naɗa masa ƙyalle mai laushi.

Kada kuma a yi zaton ranar da aka sayo za a ɗaura. Sai an riƙa sa abinci a cikinsa karen yana zura baki da kansa, daga baya a ɗaure na ɗan lokaci a kwance, a yi ta ƙarawa a hankali, har ya zamana idan ya ga takunkumin murna yake yi domin ya san fita za a yi. Takardar da ke cikin kwalin ta yi wannan bayani da Turanci da Larabci, kuma bayanin mai kyau ne, ya fi abin da na ji daga bakin mai shagon.

Amma wanda ya taɓa ganin gardawa suna yawo da kura a kasuwa ya san takunkumi baki yake rufewa, kura tana nan kura. Wata safiya tattabara ta sauka gab da karen yana sanye da takunkumin, ya daka tsalle ya danne ta da ƙafafu ya daddoke ta da kwandon, kuma ko da yake haƙori bai taɓa ta ba, fiffikenta ya karye. Kilo 25 idan ya faɗa kan ɗan tsako ko ɗan kyanwa ba ya buƙatar haƙori. Bugu da ƙari, roba tana lanƙwasa, kuma jela ko kunnen zomo yana iya shiga ta tsakanin saƙar. Don haka takunkumin yana rage ɓarna ne idan tsautsayi ya gitta, kuma ba a barin kare da shi ba kowa a kusa, domin yana iya maƙalewa a jikin waya ko ya yi amai a ciki.

Igiyar mita 10 ita ce ke hana bin tun daga tushe, kuma a kullum ita na fi dogara da ita. A ɗamarar ƙirji ake maƙala ta, ba a wuya ba, domin kare da ya ɗebo gudu ya zo ƙarshen igiya yana iya jin rauni a wuya. Ɗinkinta ya riƙe, ƙugiyarta ba ta yi tsatsa ba duk da gishirin iskar teku. Sai dai zarenta yana da kaushi, yana ƙona tafin hannu idan ya zame, don haka safar hannu dole ce, kuma ba a haɗa ta a cikin kayan ba. Ɗamarar kuma tana ba karen damar ja da dukan ƙirjinsa, wato ainihin aikin da aka halicci irinsa a kai, saboda haka yaro ko tsoho bai kamata ya riƙe ba. Katangun nan dogaye ne na bulo, tsallakewa ba ita ce damuwarmu ba. Damuwar ita ce babbar ƙofa lokacin da motar ruwa ko motar maigida za ta shigo, sai kuma ƙarƙashin kejin zomaye, domin haski gwani ne wajen tona rami. Mun zuba kankare a gindin kejin, mun kuma kafa doka cewa ba a buɗe ƙofa sai karen yana ɗaure.

Sandar wasan ba laifi. Tana ba shi abin da zai fafara ya cafka, kuma a ranar da aka gajiyar da shi da ita bayan sallar asuba, kafin kwalta ta ɗau zafi, yana yini a kwance cikin sanyin na'ura. Tsumman bai jure ba, na maye shi da tsohon buhu.

Game da shagon kuwa, wuri ne mai tsabta, kayansu a jere da farashi a jiki, ma'aikatan suna da fara'a, amma iliminsu game da wannan iri bai kai fara'arsu ba. Da na ce karen har yanzu yana kafe wa zomaye ido, sai aka nuna mini abin wuya mai jan lantarki, aka ce shi ne magani. Ban saya ba. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta irinsa tun 2010, kuma ko ba don haka ba, na'ura mai azabtarwa a hannun wanda bai ƙware ba tana iya sa kare ya danganta zafin da duk wanda ke tsaye kusa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba wanda ya tambaye ni ko akwai yara a gidan. Kukan jariri da motsinsa suna iya tayar da wannan ɗabi'a, an kuma sha samun rahoton irin haka a ƙasashen da ake ajiye karnuka cikin gida. Idan iyali sun zo hutun ƙarshen mako da goyo, karen yana can a kulle a ɓangarensa, ko da takunkumi ko babu, kuma na faɗa wa maigida haka ƙarara.

Akwai haskin da ya tashi tun yana ɗan kwikwiyo tare da kyanwar gida suka zauna lafiya, amma wannan zaman lafiya tsakaninsa da ita kaɗai ne, bai shafi kyanwar maƙwabta ba, wani lokaci ma ita kanta idan ta ruga a fili sai ya manta sabo.

Haɗin duka ya tsaya mana a kan riyal ɗari biyu da ɗoriya, kuma ana iya sayen kowane ɗaya shi kaɗai. Wanda kuɗinsa bai kai ba, sai ya fara da igiya da ɗamara, sannan takunkumi. Shagon ba ya karɓar takunkumin da aka riga aka gwada wa kare, don haka a yi awo tun daga gida da zare: tsawo daga ɗan ƙasa da idanu zuwa ƙarshen hanci, sai kewayen baki lokacin da karen ya buɗe shi yana haki. Idan awon ya faɗa tsakanin lamba biyu, a ɗauki babbar.