Hokin ƙanƙara bayan ka tara iyali: me za ka saya sabo, me za ka ɗauko a gwanjo

Mutum uku ke nan cikin 'yan uwanmu na nan Kalgari ta Kanada suka tare ni da tambaya iri ɗaya tun da sanyi ya fara shigowa, wai yaro ya dame su da maganar hoki kuma su ma abin ya fara shiga ransu, to me za su saya, nawa zai ci. Na gaji da maimaitawa a bakin masallaci muna rawar ɗari, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Ni dai ina da shekara 38 na fara sa takalmin ƙanƙara, da 'ya'ya uku, kuma ba wai sha'awa ce ta kai ni ba. Babban ɗana aka sa a ajin 'yan koyo, ni kuma kullum ina kan benci da kofin shayi ina duba agogo, ran nan muna hanyar gida ya ce "Baba kai ba ka iya ba ne?" Shi ke nan fa. Masu cewa wasan turawa ne kuwa, Jarome Iginla da ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary Flames babansa ɗan Najeriya ne, Nazem Kadri kuma Musulmi ne, da ƙungiyarsa ta ci kofin Stanley, babban kofin hoki na ƙwararru, a 2022 har masallacin garinsu London ta Ontario ya kai kofin. Wannan hujjar ta faɗi, a nemo wata.

Kafin ka taka shago ka fara sanin wane irin wasa lokacinka zai ɗauka, don shi zai gaya maka kayan da kake buƙata. Akwai ajin koyo na manya, sau ɗaya a sati, koci ya koya maka tafiya da tsayawa da yadda ake faɗuwa a tashi, kowa a wurin ɗan'uwanka ne a rashin iyawa ba mai yi wa wani dariya. Akwai kuma wanda suke ce wa shini, ka biya kuɗin shiga na ranar a raba ku gida biyu, ba rafali ba ƙirga ci, ran da yaro ya kwana da zazzaɓi ka zauna gida ba ka yi asarar ko sisi ba. Har kyauta ma ana yi a filayen unguwa na waje in jikinka zai iya da sanyin. Sai lig na sosai, irin ASHL, wani lig na manya, da makamantansu, da riga da lamba da rafali, an hana bangaza da gangan, kuma an kasa mutane aji-aji gwargwadon iyawa. Daɗi kam ya fi a nan, amma kuɗin kakar gaba ɗaya za ka biya tun farko, ɗaruruwan daloli, sannan lokutan arziki na yara ne, ku manya sai a ba ku goma ko sha ɗaya na dare a ranar aiki, kafin ka yi wanka ka tuƙo mota ka iso gida ɗaya saura, jiki ya ɗau zafi barci ya ƙi zuwa, ga asuba ga aiki, in Asabar ce kuma yaro na da atisaye bakwai na safe. 'Yan shekarun nan azumi ma yana faɗowa wajen ƙarshen kaka, wasa da tarawihi su yi karo. Su da bakinsu lig ɗin giya suke kiransa don ana sha a ɗakin canza kaya bayan an tashi, ni dai da na ce ba na sha ba wanda ya sake min tayi, lemo suke ajiye min. Shawarata ga mai ƙananan yara: aji tukuna, shini na shekara guda, lig sai kun zauna da uwargida an yi magana ta fahimta, don ita za ka bari da yaran.

To kaya. Wurin da kuɗinka ya kamata ya tafi shi ne takalmi, kuma a nan na fara cin ƙasa. Na ga wasu a Facebook Marketplace da araha, lambar da nake sawa a takalmin fita, 10 da rabi, na je na karɓo ina murna na yi ciniki. Sati uku idon sawuna na lanƙwashewa ciki kamar ɗan maraƙin da aka haifa yau, ina ta zargin kaina da tsufa, ashe takalmin ne ya yi min yawa. Takalmin hoki yakan yi ƙasa da na fita da lamba ɗaya zuwa ɗaya da rabi, nawa 9 ne. In ka miƙe tsaye babban yatsa ya ɗan shafi gaba, in ka lanƙwasa gwiwa ya ja baya, diddige kuma kar ya ɗaga ko kaɗan. Mai faffaɗar ƙafa ya nemi mai alamar faɗi EE, ko a takalman kamfanin Bauer abin da suke kira Fit 3, kar ka ƙara lamba don neman faɗi.

Kashi uku za ka tarar a kan kanta. Na can ƙasa mai laushi, ya isa zagaye da yara ran Lahadi amma in kana da jiki wata shida zai saki. Na can sama ya haura dala dubu, ga shi da tauri kamar katako don an yi shi ne wa masu ƙarfin ƙafa da gudu, ɗan koyo ya sa shi gwiwa ma ba za ta lanƙwasu ba, ka biya kuɗi ka sayo wahala. Na tsakiya shi ne naka, Bauer ko CCM duk ɗaya, wanda ya zauna a ƙafarka shi ne mai kyau, in ka samu samfurin bara da aka karya wa farashi wajen ƙarshen kaka to ka dace. Amfanin saye a shago irin Pro Hockey Life shi ne za su auna ƙafar, su sa takalmin a wani ɗan tanda ya yi ɗumi, ka sa ka zauna wasu mintuna ya ɗau siffar ƙafarka. Na gwanjo ya riga ya ɗau siffar ƙafar wani. In dole sai gwanjon, matsa gefen idon sawu da hannu, in ya lotsa kamar kwali ka ajiye, ka duba ƙarfen ƙasan ko washi ya cinye shi. Sabo ma ba ya zuwa da kaifi fa, sai an wasa, in suka tambaye ka wane irin washi ka ce rabin inci, shi aka fi yi, masu nauyi wasu sun fi son 5/8 don ya fi sulɓi.

Hular kwano sabuwa za ka saya, ba na ciniki a kan wannan. Soson ciki yana bushewa da shekaru kuma ba ka san sau nawa ta daki ƙasa a kan mai ita ba. Ka duba tambarin CSA, masu tantance ingancin kaya a Kanada, a jiki. Ba sai mai tsada ba, jami'ar Virginia Tech tana gwada hulunan nan tana ba su taurari tun 2015 kuma an ga masu araha da suka fi masu tsada maki, abin lura dai ta kama kai ba ta rawa. Babu wadda ke hana girgizar ƙwaƙwalwa ɗari bisa ɗari, kar mai shago ya cika ka da zaƙin baki.

Abin rufe fuska kuma uku ne: ragar ƙarfe, rabin gilashi, da cikakken gilashi. Rabin gilashin shi 'yan NHL, babban lig ɗin ƙwararru, ke sawa shi ya sa kowa ke so, ya fi kyau a hoto. Amma su ana biyansu kuma ga likitan haƙori a gefe, kai kuwa cikin 'yan koyo kake waɗanda in za su faɗi sanda sama take yi. Fok ɗin nan, wato baƙin faifan robar da ake bugawa, giram 170 ne kuma tauri kamar dutse. Da idona na ga wani bawan Allah mai rabin gilashi durƙushe yana laluben haƙorinsa a kan ƙanƙara, jini na ɗiga ja a kan fari, mu kuma mun zagaye shi muna taya shi nema, kuma katin lafiyar lardi ba ya biyan irin wannan gyaran yawanci. Cikakken gilashi yana karewa amma yana yin hazo in ka yi gumi. Raga ta fi araha, iska na shiga, wasa biyu idonka zai daina ganin ƙarafan. Ka haɗa da abin kare wuya, yara dole ne a Kanada, manya a lig da yawa an bar wa mutum zaɓi, amma tun da kaifin takalmi ya yanki ɗan wasan hoki Adam Johnson a wuya a Sheffield ta Ingila a Oktoban 2023 ya rasu, ni ban ƙara shiga ba shi ba. Kuɗinsa bai kai cefanen kwana ɗaya ba.

Sanda ita ce tarkon 'yan gayu. Akwai ta sama da dala 300, garantinta kwana 30 ne, kuma wlh a hannunka ba za ta yi abin da mai araha ba ta yi ba. Ta katako ta fi sauƙin kuɗi amma da nauyi, gara ƙaramar ta zamani mara nauyi. Lambar da ke jiki, fileks, taurinta ne, ƙa'idar da ake bi rabin nauyinka a fam, wanda kusan nauyinka ne a kilo, sai dai ɗan koyo gara ya sauko ƙasa, mai kilo 85 ya ɗau 75, kuma in ka yanke ta tana ƙara tauri. Tsawo ta kai haɓa in kana kan takalmi. Dama ko hagu kuwa, ɗauki shebur ɗin kwashe ƙanƙarar ƙofar gida ka ga yadda hannunka ya kama da kansa, yawanci hannun da ya fi ƙarfi shi ke sama, shi ya sa za ka ga na-dama da yawa a nan suna buga ta hagu.

Sauran tarkacen, na kafaɗa, gwiwar hannu, ƙwauri, wando, jaka, duk gwanjo. Shagon gwanjo na Play It Again Sports ko shafin saye da sayarwa na Kijiji, ka duba robar ba ta tsage ba, maɗaurin na kamawa. Wando da na gwiwar hannu ka zaɓi masu kauri don a kansu za ka yi ta sauka. Safar hannu ka juya tafin ka ga ko ya huje, ka kuma sansana, in ta kore ka to ba wankin da zai fitar. Abin kare gaba dai sabo don Allah.

Na yaro lissafinsa daban ne tunda ƙafa ba ta jira. In yana tsakanin shekara 6 zuwa 10 kuma bai taɓa yin rajista ba, nemi shirin First Shift, kuɗi ɗaya za ka biya su ba shi kayan Bauer daga kai har ƙafa da darasi shida, in bai so ba ka gane da wuri. Gurbi na cika da sauri. In aljihu ya yi nauyin ɗauka akwai Jumpstart na Canadian Tire da KidSport suna taimakawa da kuɗin rajista, ba abin kunya ba ne, 'yan ƙasa ma cikewa suke. Kar dai a yi masa irin sayayyar kayan sallah, a ƙaro lamba biyu wai zai girma a ciki, rabin lamba ya isa. In kuɗin mutum ɗaya ne a hannu a yi wa yaron, kai ka sayi takalmi da hula kawai ka riƙa bin lokutan zagaye na kowa da kowa, wannan ma aikin wata uku ne. Wanda ya haura arba'in ko yake da hawan jini ya ga likita tukuna, minti ɗaya a kan ƙanƙara zuciya kamar za ta fito ta baki.

Abu na ƙarshe da ba ya cikin lissafin kowa: wurin shanya. Kayan nan in suka kwana a jaka da gumi, warinsu sai ya kori baƙo. Nawa sati biyu suka yi a ɗakin ƙasa uwargida ta ce ko su ko ni, yanzu a gareji suke kan wani katako da na kafa wa ƙusoshi, da 'yar fanka tana hura su, na yaron a ƙasa nawa a sama.