African Storybook: rumbun labaran yara da Afirka ke tarayya a kai

Ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ce ta buɗe shafin African Storybook a 2014, aka fara gwada shi a Afirka ta Kudu da Lesoto da Kenya da Yuganda. Littattafan yara ne masu zane, kyauta, an kasa su mataki biyar gwargwadon wahalar karatu.

Ƙarfin shafin yana ga lasisinsa. Galibin labaran suna ƙarƙashin CC BY na Creative Commons, wato malami a Zinder zai iya ɗaukar labarin da aka rubuta a Yuganda, ya mayar da shi Hausa, ya buga wa ɗalibansa ba tare da neman izini ba, muddin ya bar sunan marubuci da mai zane. In kana son yin fassara, sai ka yi rajista a shafin, ka zaɓi labari, ka fassara shafi bayan shafi, zanen na nan yadda yake. Akwai PDF na bugawa, da manhajar waya mai karantawa ko babu intanet.

A duba lasisin da ke shafin ƙarshe na littafin kafin a kai wa mai ɗab'i. In an ga NC (wato ba don kasuwanci ba) a lasisin, ba a yarda a sayar ba.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne rubutu. Mai fassara da wayarsa ba ta da ƙ, ɗ, ɓ zai bar yaro yana karanta "kasa" a gurbin "ƙasa", kuma Nijar na rubuta ƴ inda Najeriya ke sa 'y. Malami ya bi fassarar layi-layi kafin ta shiga aji.