Littafin 'yan fashin teku na 1724: abin da na tarar bayan wata biyu ina karanta shi

Bara muka kai ziyara tsohon gidan tsare bayi na Cape Coast a Gana. Da na dawo ina neman abin karantawa a kan ginin, sai na ci karo da labarin cewa a cikinsa aka yi wa 'yan fashin teku wata gagarumar shari'a a 1722. Bin sawun wannan labari ne ya kai ni ga A General History of the Pyrates, wanda aka fara bugawa a Landan a 1724. Wata biyu na yi da shi, kullum bayan isha'i, shafi goma ko ashirin.

Bari in fara da kwafin da na saya ta intanet, don kada wani ya faɗa inda na faɗa. Sai da ya yi mako biyar kafin ya iso. Rubutun ƙanana ƙwarai, babu taswira ko ɗaya, kuma kafin in kai tsakiya ganyayen sun fara ficewa. Daga baya na gane littafin ya tsufa har ana samunsa kyauta a intanet. Wanda zai kashe kuɗinsa, ya nemi bugun da ke da bayanan edita da taswira. A bangon nawa an rubuta sunan marubucin Ingila Daniel Defoe, alhali bugun asali sunan Kyaftin Charles Johnson yake ɗauke da shi. Wani malamin adabi ɗan Amurka, John Robert Moore, shi ya ce a 1932 Defoe ne ya ɓoye sunansa, daga baya wasu masana suka yi watsi da hujjojinsa, wasu kuma suna nuna wani mai buga jarida, Nathaniel Mist. Turancin na da ne, jimla ɗaya kan cinye rabin shafi, sunayen garuruwa ma ba yadda muka san su ba: Cape Coast ya zama Cape Corso. Da taswira a waya na riƙa binsa.

Kowane babi tarihin shugaban 'yan fashi ɗaya ne. Wanda ya fi suna shi ne Edward Teach mai baƙin gemu, da ke cusa lagwani mai ci a ƙarƙashin hularsa don ya firgita mutane, wanda ya tare mashigar garin Charleston a gaɓar Amurka a 1718 ya ce sai an ba shi akwatin magunguna, aka kuma kashe shi a Ocracoke, a wannan gaɓar dai, ran 22 ga Nuwamba na wannan shekara. Babin yana da daɗin karatu, amma na wuce shi da sauri, don kusan duk wanda ya rubuta labarinsa daga baya daga nan ya ɗebo.

Inda na daɗe shi ne babin Bartholomew Roberts, mafi tsawo a littafin, kuma mafi yawan abin da ya girgiza ni a cikinsa a gaɓar tekunmu ya faru. Roberts mutumin Wales ne, ma'aikaci a jirgin fataken bayi mai suna Princess. A Anomabu, kusa da Cape Coast, wani shugaban 'yan fashi, Howell Davis, ya kama jirgin a 1719 ya tafi da Roberts dole. Ba a yi wata biyu ba aka kashe Davis a tsibirin Principe, yaransa suka zaɓi Roberts ya gaje shi. An ƙiyasta jiragen da ya kama cikin ƙasa da shekara uku sun kai 400.

Marubucin ya kawo dokokin da suka rantse a kai, na karanta su sau uku. Kowa yana da ƙuri'a a babban al'amari. Ba caca da kuɗi, ko karta ko ɗan lido. Ƙarfe takwas na dare a kashe fitilu, mai son ci gaba da sha ya hau sarari. Ba a shigo da mace ko yaro. In biyu sun yi rigima, ba a jirgi ba, sai an sauka tudu a raba da takobi da bindiga. Kyaftin kashi biyu kawai yake ɗauka daga ganima, wanda ya rasa hannu ko ƙafa ana ba shi dala 800 daga asusun kowa. Har makaɗa an ba su hutun Lahadi. In ka tuna cewa yaƙin gadon sarautar Sifen ya ƙare a 1713 ya bar dubban ma'aikatan jirgi ba aikin yi, waɗanda suka samu kuma ga bulala ga ruɓaɓɓen abinci ga albashin da ba ya zuwa kan kari, za ka gane abin da ya ja su. Na gane, har na fara jin tausayinsu.

Sai na iso Wida, wadda ke Jamhuriyar Benin a yau. A Janairun 1722 Roberts ya shiga mashigar ya tarar da jiragen fataken bayi 11. Ya yanka wa kowanne kuɗin fansa, garin zinariya laba takwas. Kyaftin ɗin wani jirgi mai suna Porcupine ya ƙi biya. Akwai bayi 80 a cikinsa, an ɗaure su bibbiyu da mari. An aika kwalekwale a kwashe su, sai 'yan fashin suka ga kwance marin zai ci musu lokaci, suka cinna wa jirgin wuta da su a ciki. Waɗanda suka yi tsalle cikin ruwa manyan kifaye suka yayyaga su. Na rufe littafin a daren nan. Kalmar kuɗin fansa ba baƙuwa ba ce a kunnen ɗan Arewa a yau, kuma daga wannan shafi ban ƙara iya kallon ƙuri'arsu da rabonsu na adalci yadda na fara kallo ba. Adalcin a tsakaninsu ya tsaya.

Marubucin ya la'anci wannan aika-aika, wannan kam ba zan hana shi ba. Amma ga babban ƙorafina. Ran 10 ga Fabrairu 1722 jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow, ƙarƙashin Chaloner Ogle, ya cim ma Roberts a Cape Lopez, a Gabon ta yanzu, harbin igwa ya same shi a maƙogwaro, yaransa suka jefa gawarsa a teku kamar yadda ya yi wasiyya. Aka kai sauran yaransa zuwa Cape Coast, aka rataye 52. Littafin ya jero waɗanda aka rataye ɗaya bayan ɗaya: suna, shekaru, garin da suka fito. Baƙaƙen fatan da aka kama a jiragen, gommai ne, sai dai adadi. Ba a tsayar da su gaban alƙali ba, sayar da su aka yi. Su wane ne? Bayi ne da aka sace daga wani jirgi, ko matuƙa ne da ke karɓar nasu kason? Marubucin da ya iya kawo mana launin rigar Roberts da jan gashin tsuntsun da ke hularsa bai tsaya ya tambaya ba. Na tsaya a farfajiyar ginin nan da ƙafata, na leƙa ɗakunan ƙasa masu duhu, don haka shirun ya yi mini nauyi.

Game da gaskiyar abin da ke ciki, a yi hattara. Inda marubucin yake bin takardun kotu da rahoton kyaftin-kyaftin, kamar shari'ar Cape Coast, ya tsaya da ƙafarsa. Shari'ar mata biyu 'yan fashin teku, Anne Bonny da Mary Read, a Jamaika a Nuwamban 1720 ta faru, kuma cikin da suke ɗauke da shi ya hana a rataye su, amma dogon labarin ƙuruciyarsu ya fi kama da tatsuniya. Kyaftin Misson da garinsa Libertalia a Madagaska, da ke juzu'i na biyu na 1728, masana sun ɗauke shi ƙage. Matsalar ita ce da murya ɗaya yake ba da duka, mai karatu ba zai ji inda aka sauya ba.

Ɗalibin tarihi da mai haƙurin tsohon Turanci, ina ba su shawara su karanta, su fara da babin Davis su zarce na Roberts, sauran su biyo baya. Yaro ɗan sakandare kuwa ba zan miƙa masa ba sai ina kusa. Nawa kwafin yana hannun ƙanina yanzu, na ɗaure shi da roba saboda ganyayen da suka fice, na kuma naɗe masa shafin Wida.